Dabarar da ta Tsara Rumbun Bayanai

Kafin 1970, mai neman bayani a kwamfuta sai ya san hanyar da aka bi wajen ajiye shi, in ba haka ba ya sha wuya. A shekarar ce Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a IBM, ya kawo shawarar a jera bayanai cikin jadawali, kowane layi da lambarsa ta shaida. Ɗalibi ya dubi rajistar ajinsu: ana iya samun Musa uku, amma lambar shiga makaranta ba ta maimaituwa. Da ita ake haɗa sunaye da sakamakon jarrabawa, don kada a bai wa wani makin wani. Abin mamaki, IBM ya yi jinkiri, har manhajar Oracle ta riga shi shiga kasuwa a 1979.