Tsakanin Zaren Fim da Kyamarar Dijital: Zaɓin Mai Shirya Fim Mai Zaman Kansa

A ƙasar Hausa, tattalin arziki ne ya fara yanke hukunci a kan wannan zaɓi. Adamu Halilu ya ɗauki Shehu Umar a kan zaren fim a 1976. Bayan faɗuwar darajar naira a 1986, sayo zare da wanke shi suka gagari masu ƙaramin jari, shi ya sa ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990.

Ga matashi mai shirya fim a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu, lissafin a bayyane yake. Naɗin zare mai milimita 16 da tsawon ƙafa 400 ba ya wuce minti 11, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Kyamarar dijital kuwa tana ba da damar maimaita fitowa, a duba nan take, a tace a kwamfuta, a ɗora a YouTube.

Sai dai sauƙin ɗauka bai tabbatar da ɗorewa ba. Zaren Shehu Umar ya jure shekaru arba'in, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018, alhali kaset da ma'adanar kwamfuta kan lalace da wuri. Don haka wanda ya zaɓi dijital ya wajaba ya sanya kuɗin adanawa cikin kasafinsa tun farko.