Lambun Bayan Gida a Ƙarshen Damina: Kada Aikin Gandu Ya Sa a Manta da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga ƙauyukanmu da hantsi tsakanin tsakiyar watan Agusta da ƙarshen Satumba zai tarar da gari shiru. Maigida da samari suna gandu, ana yankan gero, ana karyar masara, ana duba ko gyaɗa ta nuna. Rumbu kuwa ya yi ƙasa, hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai gama shigowa gida ba, ga farashi ya hau a kasuwa. A wannan tsakanin, abin da ke riƙe da tukunyar miya a gidaje da yawa shi ne ɗan filin nan na bayan ɗaki, inda uwargida ta shuka kuɓewa da yakuwa da alayyahu da rama da kabewa da barkono.

Sai dai a ziyarce-ziyarcen aiki da muke kai wa manoma mun lura cewa a daidai wannan lokaci ne aka fi yi wa lambun sakaci, domin hankalin kowa ya koma gandu. Alhali abin da aka yi a cikin waɗannan makonni shida shi ke nuna ko iyali za su sha miya daga gida har bazara, ko kuwa kullum sai an kai kuɗi kasuwa.

Tsinka da kula da lambu

Kuɓewa ba ta jiran mai ita. Idan ta fara 'ya'ya, a riƙa tsinkarta duk bayan kwana 2 ko 3. Wadda aka bari ta ƙosa ba ta miya, kuma tana sa uwar ta rage fitar da sabon fure. Alayyahu da rama da yakuwa a yanke su daga sama, a bar gindin da tsawon kamar santimita 15 domin su sake toho.

Ruwan marka yakan kwanta a lambu, tumatir da barkono kuwa ba sa jure wa hakan, saiwarsu ruɓewa take yi. A ɗaga kunya, a buɗe wa ruwa hanya. Idan ya zama dole a yi feshin maganin ƙwari, a fara tsinke abin da ya isa tsinka, sannan a jira adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a sake ɗiba. Kada a aiki yara su ɗebo ganye a inda aka yi feshi.

Busarwa da adanawa

Yanzu ne kuɓewa da ganyayen miya suka fi araha, saboda haka ya fi riba a busar da rarar maimakon a kai ta kasuwa a ba da ita a wulaƙance. A yanka kuɓewa sirara, a baza ta a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa ko wani abu mai tudu. Shanya a ƙasa ko a bakin kwalta tana kawo ƙasa da kashin dabbobi cikin abinci. Ganyaye irin su zogale da rama a shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa, domin zafin rana yana lalata sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda yara da masu juna biyu suke matuƙar buƙata. Iska tana da laima a wannan lokaci, don haka a kwashe shanya kafin raɓa ta sauka, kuma kada a zuba a mazubi sai abin ya bushe har yana karyewa a hannu. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar da shi.

Zaɓen iri

Al'adar barin 'ya'yan ƙarshe su zama iri tana rage kyawun amfani shekara bayan shekara. Tun yanzu a zaɓi shuke-shuken da suka fi lafiya da yawan 'ya'ya, a ɗaura musu ƙyalle don kada yara su tsinke. A guji waɗanda ganyensu ya nannaɗe ko ya yi rawaya-rawaya. In irin ya bushe sarai, a gauraya shi da toka, a sa a kwalba mai murfi. Irin da aka sayo a fakiti mai alamar F1 ba a ɗibar iri daga gare shi, domin 'ya'yansa ba sa gado kyawun uwarsu.

Shirin rani

A yankunan da ruwa ke kaiwa ƙarshen Oktoba, kamar Bida da Minna da Lafiya, har yanzu ana iya shuka alayyahu, wanda ke isa yanka cikin mako 3 zuwa 4. A Kano da Katsina kuwa, inda ruwa kan ɗauke tun ƙarshen Satumba, sai a mai da hankali ga rainon iri idan akwai rijiya ko fadama kusa. Faɗin bedi kada ya wuce mita 1, a ɗaga shi, a yi masa rumfar ciyawa saboda dukan ruwa. Tumatir yakan isa dashe cikin mako 4, albasa kuma mako 6 zuwa 8.

Manoma ba su manta da tsutsar Tuta absoluta ba, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina a shekarar 2016. Tana fakewa ne a tsofaffin karan tumatir da gauta. A tuge su, a ƙone, kada a yi raino kusa da su. Sauran ciyawa da shara kuwa a tara su a rami tare da kashin awaki da na kaji da toka, a riƙa juyawa duk bayan mako 2 ko 3. Cikin wata 3 an sami takin gargajiya ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kira ga malaman gona

Sau da yawa ziyararmu takan tsaya a gandu ne tare da maigida, alhali mai kula da lambu tana cikin gida. Ya kamata malamin gona ya nemi izinin maigida ya leƙa lambun, ko kuma ya haɗa kai da malamar gona ko ƙungiyoyin mata domin saƙon ya isa ga masu aikin. Manomin da ke neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin aikin gona mafi kusa da shi.

Allah ya sa a yi kaka lafiya, ya sanya albarka a cikin abin da muka noma, amin.