Fitilar Titi da Halittun Dare: Abin Lura Daga Ƙasar Getso

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo bayan sallar isha'i a 'yan shekarun nan ya san dare ya sake kama. Daga Kabo har Getso da wuya ka wuce wani gari ba ka ga dogayen sanduna ɗauke da fitilun sola ba, a bakin kasuwa, a ƙofar masallaci, a gidan mai, wasu ma a bakin gona inda ba kowa. Wannan alheri ne, ba mai musu. Amma kowace ni'ima tana da haƙƙi, haƙƙin wannan kuwa ba mu ji ana maganarsa ba.

A kwanakin da murar hunturu ta tsare mu a ɗaki ne muka sami sukunin duba rubuce-rubucen masana a kan abin da suke kira gurɓatar dare da haske, watau hasken da ɗan Adam ke kunnawa ya wuce bukatarsa, ya fantsama sama da daji. A shekarar 1879 Edison ya fito da ƙwan lantarkinsa a Amurka. Zuwa 2016, sa'ad da Fabio Falchi na ƙasar Italiya da abokan aikinsa suka fitar da taswirar hasken dare ta duniya, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin samaniyar da hasken fitilu ya dusashe, kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ya ratsa sama, wanda Larabawa ke kira Majarra. Maƙwabciyarmu Chadi tana cikin ƙasashen da darensu ya fi tsira. Wani bincike na 2023, wanda Christopher Kyba ya jagoranta daga Jamus, ya nuna hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. In aka ci gaba haka, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya cika shekara 18 saura 100.

To, ina ruwan mai shago a kasuwar Getso da wannan? Ruwansa yana cikin tukunyar miyarsa.

Ɗorawa da kuka, waɗanda suka cika gonakin yammacin Kano, da dare suke buɗe furensu. Furen kuka yakan buɗe da magariba, kafin wata magaribar ya yi yaushi. Shi kuwa jan ƙwallon nan na ɗorawa da ke reto a ƙarshen rani, da dare yake zubo zumarsa. Manyan masu ɗaukar garin fure daga wannan itace zuwa wancan su ne jemagu masu cin 'ya'yan itace, ko da yake ƙudan zuma ma na taimakawa da sassafe. Tun 1957 wasu masana biyu, Baker da Harris, suka tabbatar da haka game da ɗorawa a ƙasar Gana. Watau jemagen nan da yara ke jifa da gwafa yana da hannu a kalwa da daddawar da ake aunawa ran kasuwa. An kuma gwada wasu jemagu masu cin 'ya'yan itace a ƙasar Kosta Rika, a wani binciken da aka buga a 2014, aka ga suna ƙaurace wa itacen da fitila ta haska. A Suwizalan, a wani binciken da aka buga a 2017, an kafa fitilu a makiyaya da gangan: ziyarar ƙwarin dare ga furanni ta ragu da kashi 62 cikin 100, 'ya'yan tsiron da aka auna suka ragu da kashi 13. Waɗannan ƙasashe ne masu nisa, itatuwansu ma dabam, amma mai hankali ba ya jira sai gobara ta iso ɗakinsa.

Kowa ya san yadda shinge da faɗa-wuta ke taruwa a gindin fitila da farkon damina. Da ana cewa son wuta ne ke kawo su. Binciken da aka buga a 2024 ya nuna ba haka ba ne. Ƙwaro yakan juya bayansa ga inda ya fi haske, domin tun da aka halicce shi sama ce ta fi ƙasa haske, da haka yake gane sama da ƙasa. In ya gamu da fitila sai ya ɗauke ta a matsayin sama, ya yi ta kewaya ta har ƙarfinsa ya ƙare. Buzuzu ma, duk da ƙanƙantarsa, Marie Dacke da 'yan'uwanta sun nuna a Afirka ta Kudu a 2013 cewa da hasken Majarra yake miƙe hanya in yana mirgina kashin shanu a daren da babu wata. Shi ne fa mai binne taki a gonakinmu ba da ko kwabo ba. Maƙesu kuwa da ƙyallinsa yake kiran abokiyar zama, in haske ya yi yawa ba ta ganinsa. Sai mujiya, wadda jahilci ya ɗora wa mugun suna alhali Musulunci ya kore camfi da tsuntsaye, ga ta tana rage mana ɓerayen rumbu cikin duhu.

A nan ne maganar ta taɓa ibada. Alƙur'ani ya ambaci dare a matsayin lokacin natsuwa, ya ambaci taurari a matsayin alamun gane hanya. Malamanmu na zaure suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13 ban da Jabha mai 14, manomi kuma ya san abin da fitowar Kaza da 'Ya'yanta ke nufi. Ladanan da, da idonsu suke rarrabe alfijir biyu: na ƙarya, mai miƙewa sama tsaye, da na gaskiya, mai shimfiɗuwa a gefen gabas, wanda da shi ake kame baki a shiga lokacin asuba. Dukansu haske ne mai rauni ƙwarai. A tsakiyar birnin Kano yau hasken gari yana rufe farkon ketowarsu, sai dogaro da jadawali, su jadawalan kuwa ba bakinsu ɗaya ba: wani ya ɗauki rana tana ƙasa da sararin gabas da daraja 18, na Ummul Ƙura 18.5, na Masar 19.5. In ana son a gwada wanne ya dace da ƙasarmu, sai an sami wuri mai duhu na ainihi. Ƙauyukan Getso da Kabo har yanzu suna da saura, wannan kuwa dukiya ce da birni ya riga ya rasa.

Kada a ce muna kira a kashe fitilu. Gwarzo na iyaka da Jihar Katsina, kuma hare-haren da aka kai ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a 2025 ba su bar wa kowa shakkar amfanin haske ba. Mai shayi da mai tsire da mai zuwa sallar asuba duk suna da haƙƙi a kansa. Sai dai fitilar da ke haska sama ba ɓarawon da take kamawa, wadda ke kashe ido kuwa inuwa mai kauri take bari a bayanta. Wannan almubazzaranci ne, ko da rana ce ta ba da wutar kyauta.

Gyaran ba shi da tsada. A sa wa fitila hula, a sunkuyar da kanta ƙasa inda ƙafa ke takawa. A zaɓi ƙwai mai haske ja-ja irin na aci-balbal maimakon fari fat mai shuɗi-shuɗi, domin wannan ya fi ruɗa ƙwari, ya fi kuma hana mutum barci. Da yawa daga fitilun sola suna da na'urar da ke rage haske in ba motsi, sai dai a saita ta. Faransa ta kafa doka tun 2013 cewa a kashe fitilun tagogin shaguna da ƙarfe ɗaya na dare. Mu ba sai mun jira doka ba. Alhajin da zai sadaukar da fitila ga masallacin unguwarsu, da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke rubuta sharuɗɗan kwangila, su ne ke da ta cewa kan irin ƙwan da za a sayo da inda za a haƙa ramin sanda. In akwai kuka ko ɗorawa a wurin, a matsar da sandar ta ba ta baya.