Ba Karatu Ne Ya Taɓa Shi Ba

Duk lokacin da aka ce wani ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya fara surutai shi kaɗai, ko wata ɗaliba ta daina barci da cin abinci, kan a jima gari ya yanke hukunci. Wasu su ce karatu ne ya yi yawa, wasu su ce jifa ne ko mutanen ɓoye, wasu kuma su ce ai ƙwaya ce. Da wuya ka ji wanda ya ce a kai asibiti.

Batun karatun nan ya fi damuna. Manyan cututtukan ƙwaƙwalwa, irin mai sa mutum jin muryoyin da babu su, sun fi bayyana daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, daidai lokacin da yaro yake makaranta. Littafi bai haddasa ciwon ba, lokacinsu ne ya zo ɗaya. Gado, matsin rayuwa da shaye-shaye su ne kan taimaka masa ya fito. Likitoci kuma sun tabbatar cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar farfaɗowa.

Jinkirin nan kunya ce take jawo shi. Uwa a Gagarawa ko Sule Tankarkar ta san da zarar an ga 'yarta a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Dawanau, manema za su ɗauke ƙafa, har ƙannenta abin ya shafa. Sai a kulle ta a ɗaki, a yi ta hayaƙi wata da watanni. Alhali mai hawan jini kullum yana addu'a yana shan ƙwayarsa, babu wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Ruƙiyya ba ta hana ganin likita.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma haramta nuna wa masu ciwon wariya. Sai dai doka ba ta biya wa ɗan ƙauyen Maigatari kuɗin mota zuwa Kazaure. Ya kamata hukuma ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu su riƙa gane alamun da wuri, makarantu su ware wanda ɗalibi zai kai wa kukansa a asirce. Limamai kuma su faɗa a huɗuba cewa wannan ciwo ne mai magani, domin maganarsu ce iyaye suka fi ji.