Yadda Ake Ɗaura wa Mota Agogon Juyin Inji

Duk wanda ya taɓa zama gaban mota ya san agogon da ke nuna gudu. Amma akwai wani agogo dabam wanda motoci da yawa, musamman tsofaffi, ba su zo da shi ba. Shi wannan ba ruwansa da gudun taya, aikinsa ya nuna sau nawa inji ke juyawa cikin minti guda. Turawa na kiransa takomita, mu kuwa sai mu ce agogon juyin inji. Ana sayensa wurin masu kayan gyaran mota a ɗaura. Da shi direba ke sanin lokacin canja giya, bakanike kuma ya daidaita sulo. Niyyata in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu mota yadda ake haɗa shi, domin waya guda da aka ɗaure ba daidai ba tana iya tsai da mota a tsakiyar daji.

Da farko sai mu san abin da agogon ke ƙirgawa. Injin fetur ba ya tashi sai da tartsatsin wuta a bakin fulogi. Batir kuwa bolt 12 kaɗai gare shi, wanda bai isa ya ba da tartsatsi ba. Aikin kwayil ke nan, ya karɓi bolt 12 ya mai da shi fiye da 15,000. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya ƙago wannan tsari, aka sa shi a motar Cadillac a 1910. Wuta na ratsa kwayil, sai kwantak da ke cikin distiributa ya buɗe ya katse ta farat ɗaya. Katsewar nan ce ke haifar da babbar wuta, kuma kowace katsewa tartsatsi guda ne. To, agogon ba ya taɓa komai da ke juyawa a inji, katsewar nan kaɗai yake ƙirgawa.

Ga lissafin. Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a juyi biyu na inji. Saboda haka inji mai silinda 4, kamar na Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, yana yin tartsatsi 2 a kowane juyi. In yana juyi 3,000 a minti, tartsatsi 6,000 ke nan, wato 100 a daƙiƙa guda. Mai silinda 6 kuwa tartsatsi 3 yake yi a juyi. Shi ya sa yawancin agogon ke da ɗan makunni a bayansu mai lamba 4, 6 da 8. In aka bar shi a kan 8 alhali silinda 4 ce, allura za ta nuna rabin gaskiya. Direba zai ga 3,000 ya ci gaba da danna totur, alhali injinsa ya kai 6,000, yana neman lalacewa.

Yanzu sai haɗi. Kafin a taɓa komai, a kwance wayar batir ta gefe mai alamar ragewa. Galibi agogon na zuwa da waya huɗu: ja, baƙa, kore da fara. Amma kamfanoni sun bambanta, don haka a karanta takardar da ke cikin kwali. Baƙa takan tafi jikin ƙarfen mota, a wurin da aka kankare fenti da tsatsa. Ja tana son wutar da ke zuwa sai an murɗa makulli, kuma a sa mata fis. In aka kai ta kan batir kai tsaye, agogo zai kwana yana shan wuta. Fara ta ƙwan ciki ce, ana haɗa ta da fitilar dashbod don a gani da dare.

Kore ita ce uwar aiki. A kan kwayil akwai baki uku. Na tsakiya, mai kaurin waya, shi ke ɗauke da babbar wuta. Kada a kusance shi, domin zai ƙone agogo nan take, ya kuma girgiza mai aikin. Sauran biyun ƙanana ne, ɗaya mai alamar tarawa ko lamba 15, ɗaya mai alamar ragewa ko lamba 1. A na ragewa ake ɗaure kore, gama ta nan ne kwantak ke katse wuta.

A kula ƙwarai da hanyar da kore za ta bi daga inji zuwa cikin mota. A zura ta ta ramin da ke da roba a bakinsa, a nisanta ta da bututun hayaƙi da fanka, a ɗaure ta kada ta yi lilo. In ƙarfe ya ci rigarta ta taɓa jikin mota, wuta ba za ta ƙara katsewa ba. Ba katsewa, ba tartsatsi, inji ya mutu ke nan, kwayil kuma ya yi ta zafi. Duk direban da motarsa ta mutu bayan an ɗaura agogo, ya fara kwance kore ya gwada.

An gama haɗi, sai a mai da batir a ta da mota. In ta yi ɗumi, sulo yakan tsaya tsakanin 700 da 900. In allura ta nuna rabin haka ko ninkinsa, a duba makunnin silinda. In tana rawa, a duba ɗaurin baƙar waya.

Sai dai wannan bayani bai shafi kowace mota ba. Injin dizal ba shi da kwayil, agogonsa yakan karɓi ƙirga daga altaneta. Yawancin motocin zamani kuma kowane fulogi da nasa kwayil, kwamfuta ke sarrafa su. Irin waɗannan sai a kai wa gwanin wutar mota, gama matambayi ba ya ɓata. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.