Ko Kun Sani? Ƙaramar kafar taga, babban sanyi

Ko kun san cewa tagar da tsawonta da faɗinta mita ɗaya-ɗaya ne, idan akwai 'yar kafa ta milimita 3 kacal a kewayenta, kafar daidai take da rami mai faɗin tafin hannu a jikin bango? Ta nan iskar hunturu ke kwararowa cikin dare, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Shi ya sa ake share ɗaki da daddare, gari ya waye a tarar gefen taga ya yi futu-futu.

Tunda iskar daga arewa maso gabas take busowa, a fara da tagogin da ke fuskantar can, tun kafin Nuwamba ta ƙare. A kunna kyandir, a zagaya da shi a hankali gefen firam, nesa da labule. Inda harshen wutar ya karkata, nan ɓarakar take. A yanko soson tsohuwar katifa siriri-siriri a cusa, ko a manna robar tsohon tib na keke inda marfi ke haɗuwa da firam. Tagar luba ta fi wuyar sha'ani. Ita sai leda mai kauri ta ciki, labule mai nauyi a kai.

Abin da nake roƙo: ɗakin da aka toshe haka, kada a kwana da kaskon gawayi a cikinsa. Gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.