Asibiti kusa, magani nesa: abin da ke kwantar da mutanen Tirkaniya

Idan ka tsaya bakin wani kemis a Tirkaniya bayan sallar magariba, ko rabin awa ba za ka yi ba sai ka ji magana ɗaya ta fito daga bakuna da yawa. Mace ce za ta zo goye da yaro, ya kwantar da kai a bayanta, jikinsa zafi rau. Ta kwance bakin zani ta ce, "Malam, tun jiya yake zazzaɓi, a haɗa mana na ɗari biyar." Mai kemis ya ɗora bayan hannu a goshin yaron ya ce, "Hajiya, maleriya ce da taifod. Amma cikakken maganin ya fi haka kuɗi." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "A ba mu na yau dai, in babansa ya dawo ma ƙaro." Sai a sa almakashi a yanko ƙwaya huɗu daga kati mai goma sha biyu, a ƙulla mata a farar leda.

Ba a jeji matar nan take zaune ba. Tirkaniya tana bakin babban titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas, a Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna. Babban Asibitin Gwamna Awan yana nan Kakuri, haka ma asibitin St. Gerard na 'yan Katolika. In an haye gada ga Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, gaba kuma ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Mutumin ƙauyen Birnin Gwari zai ce wanda ke da waɗannan a kusa da shi ai ya gama morewa. To me ya tsayar da ita a kemis?

Lissafi ne ya tsayar da ita, kuma lissafinta daidai yake. Zuwa asibiti na nufin kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, yankar kati, gwajin jini, sannan a rubuto magani a ce a je a saya. Yana kuma nufin ranar ba za ta soya awara ko ƙosan da take sayarwa a ƙofar gida ba, wato cefanen gobe ya tafi. Mai kemis kuwa ya san ta, ya san mijinta, yana iya ba ta bashi. Ina ganin rashin adalci ne a kira wannan jahilci, kamar yadda wasu masu ilimi ke saurin yi.

Sai dai jikin yaro bai san lissafi ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro na zamani kwana uku ake shan sa, safe da yamma. Shan farko yana karya lagon ƙwayoyin cutar da ke cikin jini, zafi ya sauka, yaro ya tashi ya nemi abinci, uwa ta ce alhamdulillahi. Amma akwai sauran da ba su mutu ba, kuma su ne za su hayayyafa, bayan mako biyu zazzaɓi ya dawo. Kowace dawowa tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, har wata rana a ga tafin hannun yaro ya yi fari fat, a ruga asibiti a ce sai an yi ƙarin jini. Kuɗin da aka guje wa a farko sai a biya ninkinsa goma. Ita kuwa "taifod" da ake liƙa wa kowane zazzaɓi, sau da yawa babu ita, amma an riga an ɗura wa yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta da bai buƙata, kuma irin wannan shan barkatai ne ke sa magungunan su daina ci ranar da ake neman su da gaske.

Masana lafiyar al'umma sun daɗe da gane cewa cuta tana bin hanyar da zaman mutane ya share mata. A 2008 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarƙashin likitan Ingila Michael Marmot, ya fitar da rahoto a kan haka. Cikin misalan da ya kawo akwai na birnin Gilasgo a Sikotland, inda aka tarar yaron da aka haifa a unguwar talakawa ana sa ran ya rayu shekara 54, na wata unguwar masu hali da ke 'yan kilomitoci kaɗan daga nan kuma shekara 82. Ƙasa ɗaya ce, kuma ganin likita kyauta ne ga duka biyun. Aikin yi, gidan kwana, abinci da kwanciyar hankali su suka raba su.

Wanda yake son ya fahimci lafiyar Tirkaniya, to ya fara da masaƙu. Unguwannin wannan yanki, Kakuri, Makera, Nasarawa, Kudenda da ita Tirkaniya, masana'antu ne suka cika su da jama'a. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri. Masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya zo a 1975. Bahaushe da Bagwari, mutanen kudancin Kaduna, Tibi, Ibo da Bayarabe duk suka taru suna neman ɗakin haya kusa da wurin aiki. Dattawan unguwa har yanzu suna ba da labarin yadda titi ke cika maƙil da kekuna idan an tashi daga aiki, da mata masu tuwo da shinkafa jere a bakin ƙofar masaƙa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne albashin nan shi kansa magani ne. Ma'aikacin babbar masana'anta yana da ɗakin shan magani a wurin aiki. Yana da ƙarshen wata, saboda haka mai shago da mai gidan haya suna yarda da shi. Idan matarsa ta fara naƙuda ba ya tsayawa tunanin inda zai ranto kuɗi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, wasu suka bi sahu. Dubban magidanta suka koma acaɓa, gadi, dako da ƙananan sana'o'in da in ba ka fita yau ba babu na yau. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.

Waɗanda aka sallama daga KTL suna da shekara arba'in, yanzu sun haura sittin, shekarun hawan jini da ciwon suga. Waɗannan cututtuka ne da tsarin "a ba mu na yau" ba ya yi musu komai. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwo. Mutum yana yawo garau alhali jinin yana matsa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, zuciya da ƙoda. Maganinsa kullum ne, har ƙarshen rayuwa. Dattijon da ke gadi zai saya na mako biyu, ya ji kansa ya daina sarawa, kuɗi kuma su ƙare, ya bari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, farashin magunguna ya yi tashin da ya sa irin wannan bari ya ƙaru. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, sai a ce faɗuwa ya yi a banɗaki, wasu ma su ce jifa ne. Daga nan gidan gaba ɗaya ya shiga jinya: 'yar da ke makaranta ta zauna kula da Baba, ɗan da ke koyon gyaran mota ya miƙa ɗan abin da ya tara.

Sai ruwa. A gidan haya mai ɗaki goma, rijiya ɗaya ce a tsakar gida, masai ɗaya a lungu, kuma tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, alhali masana tsafta suna son a bar tazarar kamar mita 30. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa, abin da ke cikin ramin masai ya tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ya iske rijiya. Ruwan zai fito fari tas a guga, ba wari, amma yana ɗauke da abin da ke sa yara gudawa. Wanda ya sayi na 'yan garuwa ma bai tsira ba, don bai san yaushe aka wanke jarkar ba. A 2021 Najeriya ta ga annobar kwalara da ta kama mutum fiye da dubu 100, ta kashe fiye da 3,000, mafi yawansu a Arewa, kuma Kaduna na cikin jihohin da ta shiga. Kwalara ba ta zaɓar gida don addinin mai shi ko yarensa. Rijiya take bi.

A nan bari in gyara wata fahimta da ta yaɗu. Baƙin ruwan kwata mai wari yana haifar da sauro, gaskiya ne, amma galibi irin mai hana barci da kuka a kunne. Sauron da ke ɗauke da maleriya ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana: ramin da aka haƙa don buga bulo, sawun tayar tirela a gefen titi, fili mai kwari da aka yi gini kewaye da shi. Saboda haka yashe kwata wajibi ne, amma bai wadatar ba sai an cike ramuka, an kuma kwana cikin gidan sauro. Wanda ke kwana da yara shida a ɗaki ɗaya ya san rataya gidan sauro ma sai da fili.

Inda abin ya fi taɓa zuciyata shi ne haihuwa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna Najeriya ita kaɗai ke da fiye da rubu'in matan da ke mutuwa a duniya sanadin ciki da haihuwa. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun bayyana cewa jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gidajenmu yake. Yarinya mai cikin fari tana jin ciwo tun la'asar amma kunya ta hana ta faɗa wa uwar miji. Maigida direba ne yana hanyar Abuja, wayarsa ba ta shiga, kuma ba wanda zai ɗauki nauyin cewa a fita ba da izininsa ba. Tsohuwa ta ce, "Ki daure 'yar nan, mu duk a ɗaki muka haife su." Ba mugunta ba ce, abin da ta sani ke nan. Amma zubar jini bayan haihuwa yana iya ɗauke mace cikin awa biyu, jijjiga kuma tana da alamomin da awon ciki ke ganowa tun da wuri, hawan jini da kumburin fuska da hannuwa, da ciwon kai mai tsanani.

Jinkiri na biyu yana da nasa tarihi a Kaduna. Rikicin addini na shekarar 2000 da na 2002 sun raba garin, jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi akasari zuwa arewacin kogi, Kirista zuwa kudu. Tirkaniya ta ɗanɗana nata kai tsaye ranar 17 ga Yunin 2012, lokacin da aka kai harin bom cocin Shalom, aka kuma yi ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, har gwamnatin marigayi Patrick Yakowa ta sa dokar hana fita ta awa 24. Naƙuda ba ta jiran a ɗage doka. Ko bayan ƙura ta lafa, tsoro yakan zauna a zuciya: mai Keke ya ce ba ya shiga unguwa kaza da dare, iyali su tsallake asibitin da ke kusa su nufi na nesa inda suke jin nasu ne. Alhali a ɗakin haihuwa na asibitocin nan, nas mai gicciye a wuya ce ke karɓar haihuwar mai hijabi, likita mai tabon sallah a goshi ya yi wa matar fasto tiyata, kullum, ba tare da kowa ya ɗauke shi labari ba.

Gwamnatoci ba su zauna haka nan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jihar Kaduna ta ɗauki aikin gyara cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 255, ta kuma kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita, a ranar da ciwo ya kama shi. Ma'aikacin gwamnati ana cire kuɗin inshorarsa daga albashi. Mai facin taya a bakin baifas ba shi da albashin da za a cira, kuma shi ne mafi yawa a Tirkaniya. A ganina, muddin ba a kai ga wannan mutumin ba, sabon fenti a bangon asibiti ba zai rage layin kemis ba.

Hanyar kai wa gare shi kuwa tana nan a unguwa. Matan da ke zubin adashe duk mako sun riga sun san ma'anar a tara kaɗan-kaɗan don ranar buƙata. Ƙungiyoyin masu Keke, makanikai da 'yan kasuwa suna karɓar kuɗin ƙungiya ba fashi. Jami'an KADCHMA su sauko su zauna da waɗannan, su karɓi zubi a yadda mutane ke samun kuɗi, mako-mako, su kuma tabbatar wanda ya nuna kati ya tarar da magani a kanta. Masu unguwanni da kansiloli su sa ido a kan inda ake haƙa masai a sabbin gidajen haya kafin a zuba kankare. Limamai da fastoci su ware mako ɗaya a wata a zo da na'urar awon jini harabar masallaci da coci.

Kai kuma maigida, akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kowa. Tun cikin iyalinka yana wata bakwai, ka tara mahaifiyarka da maƙwabcinka ka faɗa a gabansu cewa ko kana nan ko ba ka nan, da ciwo ya fara a tafi asibiti. Ka karɓi lambar mai Keken da ya yarda a tashe shi da tsakar dare, ka ajiye kuɗin motar a hannun ita mai cikin.